Wa Ke Riƙe da Makullin Admin na Kwamfutarka? Abin da Ya Same Mu Bayan Rasuwar Baffa

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe, domin abin a gidanmu ya faru, kuma na tabbata akwai irinsa a gidaje da shaguna da yawa, lokacinsa ne kawai bai yi ba.

Ni ɗan Koki ne, cikin birnin Kano. Wanda ya san unguwar ya san ta 'yan kasuwa ce tun kaka da kakanni. Nan Sarari da ke jikinmu Alhaji Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, ya zauna har rasuwarsa a 1955. Mun taso muna ganin dattawa da tarin makullai a aljihu: na shago, na sito, na akwatin ƙarfe. Kuma kowane maigida yana da mutum ɗaya, uwargida ko babban ɗa, da ya san inda aka ajiye na biyunsu saboda halin rayuwa. Wannan tsarin iyayenmu sun iya shi. Da kwamfuta ta shigo ne muka manta cewa ita ma tana da makulli.

Baffana, ƙanin mahaifina, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Rabin cinikinsa bashi ne. Kwastoma zai zo daga Maraɗi ko Gusau ko Yola ya ɗebi kaya, ya biya wani abu, sauran sai ya dawo. Shi ma haka yake karɓa daga hannun manyan diloli. Shekara da shekaru a babban littafi yake rubutawa. Wajen shekara uku kafin rasuwarsa sai aka sayo masa laftof ƙirar HP ta hannu, yaron shagonsa da ya yi difloma ya riƙa shigar da komai a Excel. Shi yaron ne ya ɗora mata Windows, shi ya saita ta tun daga farko. Baffa dai nasa ya ce, “Duba mini nawa ake bin wane,” a duba a gaya masa.

Baffa ya kwanta jinya wata huɗu, Allah Ya karɓi abinSa. Bayan addu'ar bakwai aka zauna a zaure. Malamin da zai raba gado ya faɗi abin da kowa ya sani: ba a taɓa gado sai an biya bashin mamaci an cika wasiyyarsa. Masu bin Baffa kuɗi kuwa sun fara zuwa tun ranar uku, wasu da rasit, wasu da baki kawai. Waɗanda Baffa ke bi, in ka cire mutum biyu masu tsoron Allah, shiru kake ji. Aka ɗauko babban littafi, sai aka ga rubutu ya tsaya shekara uku baya. Yaya, babban ɗan Baffa, ya shiga gida ya fito da laftof ya ajiye a gabana ya ce, “Malam, kai ne mai koya wa mutane kwamfuta a Facebook. Ga ta nan, fito mana da lissafin.”

Wallahi a raina cewa na yi aikin minti biyar ne.

Da na kunna, sai ga suna biyu a allo: na Baffa da na yaron shago. Na taɓa na Baffa, ta nemi PIN. Aka yi ta kallon-kallo, sai autar gidan ta ce ita ta sani, da shi take shiga ta kalli fim. Lamba huɗu ce, ta buga, ta buɗe. Kowa ya yi hamdala. Na duba ko'ina, babu fayil ɗin lissafi. Hotunan biki ne da karatun Alƙur'ani da finafinan auta. Nan na gane cewa a ɓangaren yaron yake aikinsa. Na bi ta cikin foldar Users na taɓa sunansa, sai ta ce ba ni da izinin shiga wannan folda. Na danna Continue, allo ya dushe, wani akwati ya fito yana neman fasuwod ko PIN na admin. Sunan da ke jikin akwatin kuwa na yaron ne.

Bari in tsaya nan in yi bayani, don a nan yawancinmu muke faɗawa.

Ku da kuke amfani da waya kun san admin a gurup ɗin WhatsApp: shi ke sa mutum, shi ke cirewa, shi ke canza dokar gurup. Kwamfuta ma haka take. Akawunt iri biyu ne a Windows. Akwai Administrator, shi ne maigida. Akwai Standard, shi kamar ɗan haya ne: yana da ɗakinsa, zai iya canza kwaɗon ɗakinsa, amma ba zai leƙa ɗakin wani ba, ba zai ɗora manhajar da ta shafi kowa ba, ba zai canza wa wani fasuwod ba. Wancan akwati da ke fitowa allo ya dushe, sunansa User Account Control, tun Windows Vista ta 2007 ya shigo. In kai admin ne, Yes kawai za ka danna. In kai ɗan haya ne, sai maigida ya zo ya sa hannu. Kuma akawunt na farko da aka buɗe ranar da aka saita kwamfuta, shi ne ke zama admin kai tsaye. Ka ga ke nan duk wanda ka ba ya “saita maka” sabuwar kwamfuta, in ba ka lura ba, shi ne maigida, kai da ka biya kuɗin kai ne ɗan haya. Haka Baffa ya zauna shekara uku a cikin kwamfutarsa bai sani ba.

Yaya ya ce, “To a kira yaron mana,” sai kuma ya yi shiru. Kowa a zauren ya san dalili. Lokacin da Baffa ke asibiti, Yaya ne ya karɓi shago. Aka ƙirga kaya aka ga babu wasu bandira na shadda. Yaron ya ce bashi aka bayar da izinin Baffa, a duba kwamfuta. Yaya da zafin zuciya ya ce ba ya son dogon turanci, ya karɓe makullin shago da laftof, ya sallame shi a gaban maƙwabta. Yaron ya tattara ya tafi Legas wajen ɗan uwansa. Yanzu wa zai ɗaga waya ya kira shi?

Sai aka ce a kai wa mai gyara ya “cire fasuwod”. Ni ma na yarda, don na san akwai manhajojin da ake ɗorawa a filash, a tayar da kwamfuta da su, a goge fasuwod ɗin Windows. Washegari na hau Adaidaita da laftof a jaka. Mai gyaran ya soka filash ɗinsa ya tayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo mini da allon. Ma'adanar kwamfutar a kulle take da BitLocker. Wato duk abin da ke ciki an juya shi zuwa rubutun da ba ya karantuwa, sai ta hanyar shiga Windows ɗin da kanta, ko kuma da wani makullin ceto mai lamba 48. Yaron bai ma san ya kunna ba. Kwamfutoci da yawa na zamani da kansu suke kunna wannan kulle da zarar admin ya shiga da akawunt ɗin Microsoft, su aika makullin ceton can cikin akawunt ɗin. Tun daga Windows 11 ta ƙarshen 2024 ma abin ya ƙara yawa. Amfaninsa babba ne: ɓarawo ya sace laftof, ba zai ga komai ba. Amma kullen bai san ɓarawo ba, bai san magaji ba.

Mai gyara ya ce, “Yallaɓai, abu ɗaya ya rage, a yi mata fomat. Minti arba'in ka tafi da ita kamar sabuwa.”

Na ce, “Lissafin fa?”

Ya ce, “Ai shi kam ya tafi.”

Na rufe laftof na mayar jaka. Ku riƙe wannan da kyau: fomat ba buɗe ƙofa ba ne, rushe gidan ne a sake gini. In akwai abin da kake nema a ciki, kada ka bari kowa ya yi maka gaggawa.

Kwana biyu muna jan ƙafa. Hajiya, uwargidan Baffa, ita ta raba gardama. Ta kira Yaya ta ce, “Ubanka yana kwance da nauyin mutane a kansa, kai kana nan kana jin kunyar yaro? Kira shi.” A gabana ya kira. Yaron ya yi ta'aziyya har muryarsa na rawa, bai tayar da maganar baya ba ko kaɗan. Ya ce a ba shi ni.

Nan wata matsalar ta ɓullo. PIN yake shiga da shi kullum, kuma wata huɗu bai taɓa kwamfutar ba. Ya ba ni lamba uku daban-daban, duk ba su yi ba, na tsaya don kada ta ƙara kulle mu. Na ce to fasuwod ɗin fa? Ya ce tun ranar da ya buɗe akawunt ɗin bai sake rubuta shi ba. Mutane da yawa ba su san PIN da fasuwod ba abu ɗaya ba ne. PIN na wannan kwamfutar ne kaɗai, ba ya aiki a wata. Fasuwod shi ne na akawunt ɗin gaba ɗaya. Kana shiga da PIN ko yatsa kullum, sai fasuwod ya bi ruwa, ba za ka tuna da shi ba sai ranar da aka tambaye ka.

Saura hanya ɗaya: ya shiga shafin Microsoft ya ce ya manta fasuwod, su turo masa lambobin tabbatarwa. Ina za su turo? Layin da ya sa tun farko. Layin kuwa yana cikin wayar da aka sace masa a mota, bai damu ya dawo da shi ba tunda ya sayi sabo. Gabana ya faɗi, don na san layi in ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani. Yaron nan ya bar aikinsa, ya je ofishin kamfanin layin da lambarsa ta NIN, ya yi layi, aka dawo masa da shi. Allah Ya sa ba a riga an sayar ba. A wayarsa ya karɓi lambobin, da hannunsa ya sa sabon fasuwod, sannan ya kira ni ya faɗa mini. Na haɗa laftof da intanet ɗin wayata, don sai tana kan intanet za ta san an canza. Na rubuta, na danna.

Ta buɗe. Fayil ɗin na nan a kan allo, sunansa “Bashi”.

Shafi biyu ne, waɗanda Baffa ke bi da waɗanda ke binsa, kowanne da kwanan wata da lambar waya. Cikin masu da'awa, an samu wanda an riga an biya shi rabi bai faɗa ba. An samu dilan da ke bin Baffa kuɗi masu yawa bai zo ba sam, kunya ta hana shi, mu muka je muka same shi. Sannan can ƙasa, ga bandiran shaddar nan: wani kwastoma na Maraɗi ya ɗauka, an rubuta “Alhaji ya ce a ba shi, ta waya”. Aka kira mutumin, ya ce ƙwarai kuwa, shi bai ma ji rasuwar ba. Cikin mako ya aiko da kuɗin.

Yaya bai ce komai ba a zauren. Da daddare na ji shi a soro yana waya, yana cewa, “Ka yafe mini don Allah, na zalunce ka.”

Kafin in rufe kwamfutar a ranar, na kwafe fayil ɗin a filash biyu, na buɗe sabon akawunt na admin da sunan gidan, na rubuta lambobin nan 48 a takarda na ba Hajiya. Sannan na kira yaron na ce ya sake canza fasuwod ɗinsa yanzu-yanzu, domin wanda ya ba ni yana buɗe har imel ɗinsa, kuma bai kamata ya zauna a hannuna ba.

To, ga abin da nake roƙon duk mai kwamfuta ya yi, a shago take ko ofis ko gida. Ba zai ci maka rabin awa ba.

1. Duba ko kai ne admin. Shiga Settings, sai Accounts, sai Your info. In ka ga Administrator a ƙarƙashin sunanka, madalla. In ba ka gani ba, nemi wanda ya saita maka tun kuna shiri, ya shiga Other users, ya taɓa sunanka, ya zaɓi Change account type, ya mayar da kai Administrator. A wajen nan kuma za ka ga in imel ne a ƙarƙashin sunan, wato akawunt ɗin Microsoft, ko kuwa Local account, wanda ke zaune a kwamfutar kaɗai. In imel ɗin wani ne, to makullinka na hannun wani.

2. Canza fasuwod da kanka. Settings, Accounts, Sign-in options, Password, sai Change. In Local account ne, akwai gajeriyar hanya: danna Ctrl da Alt da Delete lokaci ɗaya, ka zaɓi Change a password. Za ta nemi tsohon, sannan sabon sau biyu. Neman tsohon da take yi ba wulaƙanci ba ne, don kada ka tashi sallah wani ya zauna ya canza maka ne.

3. San bambancin canzawa da gogewa. In ka san tsohon ka sa sabo, babu abin da za ka rasa. Amma in admin ne ya goge maka fasuwod na Local account ya sa wani ba tare da tsohon ba, za ka shiga, sai dai fasuwod ɗin da ka adana a burauza da fayilolin da ka kulle da sunanka na iya ƙin buɗuwa. Windows da kanta tana yin wannan gargaɗin, mutane ne ba sa karantawa.

4. Tanadi hanyar dawowa. Mai akawunt ɗin Microsoft ya shiga account.microsoft.com ya tabbatar layin da ke ciki yana hannunsa yana aiki, ya ƙara imel na biyu. Mai Local account ya cika tambayoyin tsaro guda uku da Windows 10 ta kawo tun 2018. Amma a kula: tana tambayar garin da aka haife ka, laƙabinka na yarinta, makarantarka ta farko. A unguwa irin tamu har mai shayi ya san amsar. Ka ba da amsar da ba ita ba ce, ka rubuta ka ajiye.

5. Nemo makullin BitLocker. Rubuta BitLocker a wajen bincike na Start ka ga ko a kunne yake. In a kunne yake, ka zaɓi Back up your recovery key, ko ka duba cikin akawunt ɗinka na Microsoft a ɓangaren na'urori. Kwafi lambobin 48 a takarda. Kada ka ajiye su a cikin kwamfutar da suke buɗewa, wannan kulle makulli ne a cikin ɗaki.

6. Yaran shago da yaran gida a ba su Standard. Ba rashin yarda ba ne. Ko manhajar cuta suka ɗauko, yawanci sai ta nemi izinin admin kafin ta taɓa abin da ya shafi kwamfutar gaba ɗaya. Kai ma in akwatin nan ya fito ba ka san abin da ya kira shi ba, danna No.

Masu Mac, labarin ɗaya ne da wasu sunaye. A System Settings, ƙarƙashin Users & Groups, za ka ga wane ne admin, kullen ma'adanarsu kuma FileVault ake ce masa, shi ma yana da makullin ceto. Masu Ubuntu da sauran Linux, passwd ake rubutawa a Terminal don canza fasuwod, sudo kuma shi ne neman izinin admin. In kana rubuta fasuwod a can ka ga babu abin da ke fitowa, ko ɗigo, ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta.

Wani zai ce, to kullum sai na canza fasuwod? A'a. Hukumar NIST ta Amurka tun 2017 ta daina ba da shawarar tilasta canzawa lokaci-lokaci, Microsoft ma ta cire wannan daga shawarwarinta na tsaro a 2019, saboda an lura mutane lamba ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshen tsohon. Sa mai tsawo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ka bar shi. Lokacin canzawa shi ne in wani ya gani, in kwamfuta ta dawo daga gyara, ko in yaro ya bar aiki. Shi ma wannan na ƙarshen a yi shi cikin mutunci, a zauna tare ya miƙa komai kafin ya tafi. Mu da muka kori namu a tsaye, sai da muka nemo shi daga Legas.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk na sama. Samu takarda, rubuta fasuwod na admin, da imel ɗin da aka buɗe da shi, da lambobin ceto. Sa a ambulan ka liƙe, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi. In kuma an yi muku rasuwa, kada ku bar layin mamaci ya mutu, ku riƙa sa masa kati har a gama da komai, domin ta nan lambobin tabbatarwa za su zo.

An biya bashin Baffa kaf kafin arba'in, aka raba gado lafiya. Yaron ya dawo Kano bayan sallah, yanzu shi da Yaya ke riƙe da shagon. Laftof ɗin ma tana nan, admin biyu ne a kanta, ambulan kuma na cikin akwatin Hajiya tare da makullin sito.

Wanda ya duba tasa ya ga ba shi ne admin ba, ya faɗa mana a ƙasa, za mu bi da shi mataki-mataki in sha Allahu. Baffa kuma ku sa shi a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.